Situdiyon haya ko kayan gida: ina mai fodkas ɗin Hausa a Legas zai zuba kuɗinsa?

A Yaba da Ikeja da Surulere da Lekki, ɗakunan haya na naɗar fodkas, wato shirin magana da ake ɗorawa a intanet a saurara duk lokacin da aka so, sun yawaita. Fasalinsu kusan ɗaya ne: kujeru biyu ko huɗu, tebur, makirufo a maƙale da hannun ƙarfe, fitilu masu launi a bayan masu magana, da kyamara biyu ko uku. Da awa ake biya. Mai niyyar fara shiri da Hausa daga Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba, da ya ga hoton irin wannan ɗaki a Instagram sai ya ji kamar shirinsa ba zai tashi ba sai a can. A gefe guda kuma ga masu ce masa wayar da ke aljihunsa ma ta isa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kowane kuma ya yi ƙari.

Aikin fodkas kashi uku ne: naɗar murya, tacewa, da ɗora shirin a intanet. Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗe su wuri guda a ce ko dai in yi duka da kaina ko a yi mini duka. Ra'ayina a taƙaice shi ne naɗi ka riƙe shi a hannunka, tacewa ka biya wanda ya iya kuma yake jin Hausa, ɗorawa kuwa kada ka saki makullinta ga kowa. Situdiyon haya yana da ranarsa, amma ba kowane mako ba.

Abin da kake saya a situdiyo

Yawancinsu hidima iri uku suke sayarwa. Akwai hayar ɗaki da injiniya, ka gama a juye maka ɗanyen naɗi ka tafi. Akwai haya haɗe da tacewa. Sai kuma kwangilar wata-wata, inda suke ɗauka, su tace, su yanka gajerun bidiyo na TikTok da Facebook, su kuma ɗora maka.

Kayan da za ka tarar masu kyau ne, ba a musu. Makirufo Shure SM7B, wanda kuɗinsa a waje ya kai wajen dala 400 guda ɗaya, da na'urar haɗa murya Rodecaster Pro II ta wajen dala 700, su ne suka zama ruwan dare. Huɗu na wancan da ɗaya na wannan sun haura dala 2,000 tun ba a zo kan kyamara ba. Sai dai mai sauraro a kan babur ko cikin rumfar kasuwa, da ƙaramar lasifikar waya, ba zai bambance SM7B da makirufon dala 70 ba. Abin da kunnensa zai kama shi ne ƙugin janareta, da amsa-kuwwar ɗaki, da muryar baƙo da ta yi ƙasa ta mai gabatarwa ta yi sama. Saboda haka ainihin hajar da situdiyo yake sayar maka a Legas abu biyu ne, shiru da wuta. Idan ɗaki bai ba ka waɗannan biyun ba, fitilun ado kawai ka biya.

Kuma ba kowane situdiyo ne yake da shirun ba. Soson nan mai tudu-tudu da ake mannawa a bango yana rage amsa-kuwwa a cikin ɗaki, amma ba ya hana ƙarar waje shigowa. Tare ƙara aikin bango mai kauri ne, da ƙofa mai nauyi wadda aka toshe gefunanta, da tagar gilashi biyu. Kafin ka biya ko sisi, ka je da rana tsaka a ranar aiki, ka sa a rufe ƙofa, a kunna na'urar sanyaya ɗaki kamar yadda za a yi ranar naɗi, ka sa hedifon a kunne, kowa ya yi shiru na minti ɗaya. Abin da ka ji a wannan mintin shi zai kwanta ƙarƙashin shirinka gaba ɗaya. Ka kuma tambaya me ke faruwa idan an ɗauke wuta. Inda akwai inbata, naɗi ba ya katsewa. Inda sai an tayar da inji, ka tabbata za a rasa jimlar da ake cikin faɗa, wani lokaci ma fayil ɗin ya lalace.

Babbar matsalar situdiyo ga shirin Hausa kuwa ba ta cikin ɗakin ma. Hanya ce. A ce ka kama daga ƙarfe biyu zuwa uku a Lekki, baƙonka kuma dillalin shanu ne daga Oko-Oba. Sai ya baro Agege, ya bi ta Gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, ya ratsa Ikoyi. Ya iso biyu da rabi da zufa, bai yi azahar ba. Ya yi alwala ya yi salla, an zaunar da shi, an gwada murya, saura minti goma sha biyar, ga masu awa ta gaba sun fara leƙe ta gilashi. Ko ka ƙara kuɗin awa, ko ka yi hira a gurguje da mutumin da bai saki jiki ba. Kuma manyan baƙin da suka fi daɗin hira da Hausa a Legas, malamin zaure, da shugaban 'yan gwari a Mile 12, da tsohon ɗan canji, da Hajiyar da ta shekara talatin tana fataucin atamfa, yawancinsu ba za su bar harkarsu su tsallaka gari don hirar minti arba'in ba. Kai za ka je ka same su. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka mallaki kayan da za su shiga jakar goyo.

Kayan gida da yadda ake sarrafa su

Makirufo iri biyu ne a wannan harka, dainamik da kondensa. Kondensa, irin su Blue Yeti, kunnensa ya yi tsini da yawa. A ɗakin da aka gyara abin so ne, amma a gidan haya na Agege zai kwaso maka odar danfo, da kukan yaran maƙwabta, da jirgin ƙasa, da jiragen saman da ke sauka filin Murtala Muhammed. Dainamik ake nema, wanda ba ya ji sosai sai abin da ke bakinsa. Samson Q2U da Audio-Technica ATR2100x su ne na farawa. Kowanne yana da kafa biyu, ta USB da ta XLR, don haka yau ka sa shi a kwamfuta kai tsaye, gobe ka sa shi a na'urar naɗi ba sai ka sake saye ba.

Idan ku biyu ne ko fiye, kada ka jona makirufon USB biyu a kwamfuta ɗaya. Kowanne da agogonsa na ciki, a hankali muryoyin suke zamewa daga juna, ƙarshen awa ka tarar amsa ta riga tambaya. Ka nemi na'urar naɗi mai cin gashin kanta. Zoom PodTrak P4 ta dace da Legas saboda dalili ɗaya da ya fi sauran: tana aiki da batir AA guda biyu na tsawon awa uku zuwa huɗu, ko da fawa-banki ta kafar USB-C, tana kuma ajiya a katin SD. Ba ruwanta da NEPA. Tana ɗaukar makirufo huɗu da hedifon huɗu, tana ajiye muryar kowa a layinsa daban, kuma akwai kafar jona waya don baƙon nesa ba tare da ya riƙa jin muryarsa tana dawo masa ba. Iyakarta ita ce tana naɗi a 44.1 kHz da bit 16 kawai, wanda ya wadatar da hira, sai dai ba ya yafe sakaci wajen saita ƙarfin murya. Makirufo biyu, wannan na'ura, hedifon biyu masu rufe kunne irin Audio-Technica ATH-M20x, kebul na XLR, sandunan tebur da kati, jimlarsu a farashin waje tana tsakanin dala 450 da 500. A kasuwar Alaba International ko ta Computer Village za ka ƙara kuɗin shigowa da na canjin ranar. Jabun makirufo masu sunan manyan kamfanoni sun cika kasuwannin duniya, don haka ka tafi da hedifon naka, a jona a gabanka, ka yi magana ka ji, ka girgiza kebul ɗin ka ji ko yana ƙas-ƙas, a kuma rubuta lambar kayan a rasit.

Hedifon Bluetooth ba na wannan aiki ba ne, muryarka tana isowa kunnenka a makare sai ka fara in'ina.

Ɗaki kuwa, gwajinsa tafi ne. Ka tsaya tsakiya ka tafa sau ɗaya. Idan tafin ya yi wutsiya, ɗakin yana amsawa. Falon Legas mai tayil a ƙasa, silin na roba a sama, bango huɗu tsirara, shi ne mafi muni. Ɗakin kwana mai katifa da labule da durowar kaya ya fi shi nesa ba kusa ba. Shimfiɗa darduma ko kafet, ka rataya bargo mai kauri a bangon da ke bayan mai magana, ka buɗe durowar tufafi, ka ɗora tawul a kan tebur. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa ba ya yin komai sai tara kyankyasai. A kashe fanka. Zafi zai dame ku, shi ya sa ake naɗi minti ashirin, a dakata a sha iska, a ci gaba. Da damina, musamman watan Yuni da Yuli, idan rufin kwano ne kuma ruwa ya sauko, ku haƙura kawai, babu manhajar da ke cire wannan.

Lokaci ma kayan aiki ne. Da hantsi, bayan 'yan makaranta sun fita kuma kafin azahar, unguwa ta fi lafawa. Bayan magariba injinan maƙwabta suke tashi ɗaya bayan ɗaya. Safiyar Lahadi ta lasifikokin coci ce, tsakar ranar Juma'a ta masallaci. Ka san lokutan kiran salla na masallacin layinku, ka tsara hutu a daidai nan, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Wutar Najeriya tana gudu a kan 50 Hz, wato tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Idan ka ji wani ƙugi mai kauri a ƙarƙashin murya, yawanci daga cajar kwamfuta yake shigowa. Zare cajar, ka yi naɗi da batir, sai ka ji ya ɗauke. Ƙugin wutar layi yana tsayawa wuri ɗaya, a 50 da 100 da 150 Hz, don haka ana iya yanke shi wajen tacewa. Na ƙaramin janareta kuwa yawo yake yi, yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da ke kan injin, shi ya sa yake gagarar mai tacewa. Inbata mai araha ita kuma tsuwwa take sakawa. Maganin duka ukun ɗaya ne, kada komai na naɗi ya taɓa soket.

Tazarar baki da makirufo faɗin yatsu huɗu ce. Duk lokacin da tazara ta ninka, murya tana raguwa da dB 6 (dB shi ne ma'aunin ƙarfin murya), kai kuma ka ƙara ƙarfi don ka cike, sai hayaniyar ɗaki ta taso tare da ita. Kada makirufon ya fuskanci baki kai tsaye, a ɗan karkatar da shi gefe yadda iskar "f" da "b" za ta wuce ta kusa da shi, a kuma sa masa hular soso. Wajen saita ƙarfi, ka sa baƙo ya yi dariya ko ya ɗaga murya, ka ga ma'auni ya tsaya wajen -12 dB. Idan ya taɓa sifili murya ta fashe, kuma fasasshiyar murya ba ta ɗinkuwa. Kafin a fara, a naɗi shirun ɗakin na daƙiƙa 30, mai tacewa zai buƙace shi don cike gurbi.

Akwai kuma ƙananan ƙararrakin da sai mai hira da mutanenmu ya san su. Carbi a kan tebur, kowane ja sai ya fito tak-tak. Shadda mai sitati, da Alhaji ya gyara hannun babbar riga sai ka ji kamar ana yaga takarda. Goro a baki. Warwaron Hajiya. Waya biyu ko uku a gefen kebul, wadda ko ba ta yi ƙara ba tana saka dit-dit-dit a naɗi duk lokacin da take neman sabis. Ba a ce wa babba ya ajiye carbinsa kai tsaye. Sai ka ce, "Ranka ya daɗe, na'urar nan kunne gare ta kamar zomo, ko motsin carbi tana ɗauka, a taimaka a riƙe shi a cinya." Zai yi dariya ya sauke. Wayoyi kuma a roƙi alfarma a kai su ɗaya ɗakin.

Baƙon da ke Kano ko Yamai ko Makka, kada ka dogara da kiran WhatsApp, yana matse murya kuma yana yankewa. Ku yi magana ta kiran, amma shi ma ya naɗi kansa da wata waya a kusa da bakinsa, ku tafa tare a farko don a samu wurin daidaitawa, ya turo maka naɗin a matsayin fayil, ba saƙon murya ba.

Tacewa, inda shirye-shirye suke mutuwa

Nan ne mai yi da kansa yake karaya. Manhajar ba ita ce matsala ba, Audacity kyauta ce, Reaper dala 60 ne bayan gwajin kwana 60. Lokaci ne matsalar. Hirar minti arba'in takan ci wa sabon hannu awa uku zuwa huɗu wajen tacewa kaɗai. Ka haɗa da shirya tambayoyi, da zuwa wurin baƙo, da naɗin kansa, da rubuta bayani, da yanka gajeru na tallatawa, kashi ɗaya na shirin ya lashe yini guda cur. Wanda yake da shago ko aikin ofis zai jure mako huɗu ko biyar, daga nan sai ka ji "za mu dawo nan ba da daɗewa ba", shi ke nan. Don haka idan akwai wurin da kuɗi ya cancanci fita kowane mako, nan ne.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Legas cike take da ƙwararrun masu tace murya, harkar waƙa da fim ta horar da su, hannunsu yana da kyau. Mafi yawansu ba sa jin Hausa. Wanda ba ya jin harshe yana iya goge ƙugi, ya daidaita ƙarfi, ya sa kiɗan buɗewa. Ba zai iya yanke magana ba. Da ido yake aiki, yana kallon zanen murya a allo, inda ya ga gurbi ya datse. Sakamakon haka iri-iri ne. Zai ɗauki "to" da "ai" da "dai" da "fa" a matsayin cikon baki irin na Turanci ya zubar, alhali "ai na faɗa maka" da "na faɗa maka" ba magana ɗaya ba ce. Zai datse "ba" ta ƙarshe a jimlar korewa saboda ta fito a hankali bayan ɗan numfashi, jimla ta rataye. Zai yanke shirun da malami ya yi bayan ya kawo aya kafin ya fassara, ko ya raba ambaton Annabi da salatin da ya biyo baya, ko, wanda ya fi muni, ya shimfiɗa kiɗa a ƙarƙashin karatun Alƙur'ani don ya ga wurin "ya yi fili". Ba mugunta ba ce, rashin sani ne, amma kai masu sauraro za su kama. Haka nan idan baƙo ya yi suɓutar baki ya ambaci sunan wani da zargi, ko ya ce "wannan kada ka sa", editan da ba ya ji zai bar shi ya fita duniya.

Na'urorin gyara na zamani su ma suna da nasu. Abin goge ƙas-ƙas na baki idan aka tsananta shi yana iya cinye kaifin "ƙ" da "ts", domin a wurinsa sun yi kama da ƙarar da aka ce ya goge, sai "ƙafa" ta koma kusa da "kafa". Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu wanke murya da dannawa ɗaya sun fi sabawa da Turanci, idan naɗin ya yi datti sai su sake ƙera kalmar Hausa ta fito wani abu daban. A yi amfani da su kaɗan-kaɗan, a kuma saurari sakamakon daga farko har ƙarshe. Tacewa ta hanyar goge rubutu, wadda ta sauƙaƙa wa masu Turanci aiki, har yanzu ba abin dogaro ba ce a Hausa, rubutun da na'ura take fitarwa gyaransa ya fi sake bugawa wuya.

Mafita biyu ce. Ta farko, ka nemi edita mai jin Hausa. Akwai su a Legas, domin sashen Hausa na RFI a nan yake tun 2007, Muryar Najeriya ma tana da shirye-shiryen Hausa, kuma aikin ba ya buƙatar zama gari ɗaya: masu tace fim da waƙa a Kano da Kaduna da Jos suna karɓar fayil ta intanet. Ta biyu, idan wanda ka samu ba ya ji, ku raba aikin. Kai ka saurari ɗanyen naɗi sau ɗaya da biro a hannu, ka rubuta masa takardar yanka: daga minti 12:40 zuwa 13:15 a cire, daga 27:05 zuwa 27:50 kada a sa kiɗa, kada a taɓa wata kalma da ba a rubuta ba. Shi kuma ya yi aikin amo. Wannan zai ci maka awa ɗaya maimakon huɗu.

Kafin ka ɗauki kowa, ka ba shi gwajin minti biyar na naɗinka mafi muni, ka biya shi kuɗin gwajin. Ka saurara da lasifikar waya, ba da hedifon mai tsada ba, domin da ita jama'arka za su ji. Idan murya ta koma kamar daga cikin randa take fitowa, ya tsananta goge hayaniya. Idan numfashi ya ɓace gaba ɗaya har magana ta zama kamar ta inji, ya yi yankan ƙauna. Abin da za ka nema a rubuce shi ne a zubar da amon da ke ƙasa da 80 Hz, a daidaita muryoyin su zo kai ɗaya, ƙarfin shirin ya tsaya a -16 LUFS, ma'aunin ƙarfin shiri gaba ɗayansa, kamar yadda Apple Podcasts ke so, ƙololuwarsa kada ta haura -1 dB. Editan da ya yi maka kallon rashin fahimta da ka ambaci LUFS, na waƙar biki ne, ba na fodkas ba. Mai yi da kansa kuma yana iya miƙa wannan mataki ga Auphonic, manhajar intanet mai daidaita murya, wadda take ba da awa biyu kyauta kowane wata.

Sannan nauyin fayil, wanda masu tacewa da yawa ba sa tunawa da shi saboda su suna kan intanet na ofis. Hirar awa ɗaya a MP3 mai 128 kbps tana kai MB 58. A 64 kbps layi ɗaya kuwa MB 29 ce, kuma ga magana zalla bambancin bai taka kara ya karya ba. Mai sauraron da ke sayen data ta ɗari biyu zai gode maka, haka ma mai tura shirin a zaurukan WhatsApp. Ɗanyen naɗi na WAV shi kuma ka ajiye shi wuri biyu, kowane layi na awa ɗaya yana cin sama da MB 300.

Makullin shiri

Ɗorawa ba ta kai a biya kowa ba. Spotify for Creators, wanda da ake kira Anchor, wanda kuma Spotify ta saya a 2019, kyauta ne, yana kuma ba ka adireshin RSS, wato adireshin da manhajoji suke ɗauko shirinka daga gare shi, da za ka miƙa wa Apple Podcasts da sauran manhajoji sau ɗaya tak. Google Podcasts an rufe shi a 2024, harkar ta koma YouTube, inda dama can Hausawa suka fi yawa. Hoton shiri murabba'i ne, daga fiksel 1400 zuwa 3000 a kowane gefe, JPEG ko PNG. Ka duba da idonka cewa salon rubutun da mai zane ya zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ, domin da yawa ba su da su, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar sunan shirinka. A cikin bayanin shiri kuma ka sa muhimman kalmomi har da rubutunsu marar lanƙwasa, tun da haka mutane suke bugawa wajen nema.

Haɗarin kwangilar wata-wata a nan yake. Idan kamfani ya buɗe asusun da imel ɗinsa, shirin nasa ne a aikace, ko da muryarka ce a ciki. Ranar da kuka saɓa a kan kuɗi, masu bibiyarka da duk kashin da ka yi suna hannunsa. Kai za ka buɗe asusun Spotify da tashar YouTube da imel ɗinka da lambar wayarka, sannan ka ba su izinin shiga a matsayin masu taimako, wanda kake iya janyewa. A rubuta a yarjejeniya cewa ɗanyen naɗi da tataccen duka mallakarka ne, a faɗi kwana nawa za a miƙa aiki, da sau nawa za a yi gyara ba ƙarin kuɗi. Kiɗan buɗewa ma a tambayi asalinsa. Ɗauko waƙar wani mawaƙin Hausa ba izini yana jawo YouTube ta karkatar da kuɗin talla ga mai waƙar ko ta toshe bidiyon, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana bayansa. Biyan wani mai kiɗa ya yi maka daƙiƙa 15 naka na kanka, da takardar sallamawa, ya fi sauƙi.

Ranar da situdiyo ya cancanci kuɗinsa

Bidiyo ne wurin da hayar take biyan kanta. Kyamara uku da fitilu da mai juya su ba abin da mutum ɗaya zai saya ba ne don shirin mako-mako, kuma wasu kyamarorin suna katsewa a minti 30 ko su yi zafi su mutu a ɗakin da ba sanyi. Haka idan mutum huɗu za su yi muhawara, ko baƙon babba ne da gidanka bai dace da shi ba, ko mai talla ya sa sharaɗin hoto. A irin wannan, ka kama rabin yini maimakon awa ɗaya, ka jera baƙi uku ko huɗu, kowa ya zo da rigar canji, ka fita da aikin wata guda a zama ɗaya. Ka zaɓi na ɓangaren da baƙinka suke, mutanen Agege da Mile 12 Ikeja ta fi musu, na Obalende kuma ɓangaren tsibirin Legas. Ka nemi a ba ka muryar kowa a layinta daban, ba a cakuɗe ba. Ka tafi da faifan ajiyarka, domin bidiyon 4K a 100 Mbps yana cin GB 45 a awa ɗaya a kyamara ɗaya, uku kuma GB 135, wanda ba mai turo maka shi ta intanet cikin daɗin rai. Kada ka bar ɗakin sai an juye, ka buɗe fayil ɗin ka ji farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa.

Lissafin da ya rage naka ne da kalkuleta. Ka haɗa kuɗin awa biyu na situdiyo da kuɗin motarka da ta baƙo, wannan shi ne kuɗin kashi ɗaya. Ka raba farashin kayan gida da wannan adadi, abin da ya fito shi ne yawan kashin da kayan za su fanshi kansu. Idan shirin na mako-mako ne, kashi 52 a shekara, amsar ba ta da wuyar gani. Idan kuwa ba ka tabbata za ka wuce kashi biyar ba, kada ka sayi komai tukuna: ka ari makirufo ɗaya, ko ka yi kashi uku na gwaji da wayarka a ɗakin katifa, ka tace su da hannunka ko sau ɗaya ne, don ka san abin da za ka riƙa biyan edita a kansa.